Tarihin Ɗaukar Majinyata A Ƙasar Mafara Da Bakura Da Maradun

Wanda ya tashi daga Gusau ya nufi Sakkwato, in ya wuce Bunguɗu da Maru sai ya iso Talatar Mafara, kusan rabin tafiya ke nan. Garin ya sami sunansa ne daga kasuwarsa wadda ke ci ran Talata. Maƙwabtansa su ne ƙasar Bakura da ƙasar Maradun, inda garin Kaya ya ke. Ko wace ɗaya da sarkinta: ga Sarkin Mafara, ga Sarkin Burmin Bakura, ga kuma Sarkin Kayan Maradun. Gulbin Sakkwato da rafukan da ke zuba cikinsa su ke shayar da ƙasashen nan uku. Saboda haka ƙasa ce ta noma da kiwo, ana samun gero da dawa a tudu, shinkafa da rake a fadama.

Manomi ba ya son nisa da gonarsa, makiyayi kuma ba ya son nisa da ciyawa. Don haka mutanen ƙasar a warwatse su ke, wasu a ƙauyuka, wasu a tunga, wasu a ruga. To, ciwo yana zuwa ko ina, amma likita wuri ɗaya ya ke zaune. Tsakanin su biyu akwai tafiya, a cikin tafiyar nan kuwa rayuka masu yawa sun salwanta. Abin hawa ya yi ta sakewa daga zamani zuwa zamani, tun daga gadon kara har zuwa mota mai jiniya. Abin da bai sake ba shi ne, majinyaci ba ya isa wurin magani sai mutanen garinsu sun tashi sun kai shi.

Kafin Zuwan Mota

A zamanin da, mai magani shi ke zuwa wurin majinyaci. In mutum ya karye a kira maɗori, in jini ya yi masa yawa a kira wanzami ya yi masa ƙaho. Mace mai naƙuda ungozoma ce ke zuwa ɗakinta, malam kuma ya aiko da rubutun sha. Yawancin waɗannan suna nan cikin gari, ko a ƙauyen da ke kusa, yaro ma ya isa a aika ya kira su.

Amma akwai ciwon da ya kan fi ƙarfin na gida, sai an nemi wani gwani a nesa. In majinyaci yana iya zama, sai a ɗora shi kan jaki ko takarkari, wani ya riƙe shi, wani ya ja. Mai hali a sa masa doki ko raƙumi. In kuwa ba ya iya zama, sai a kwantar da shi kan gadon kara ko ƙyauren ɗaki, a lulluɓe shi, ƙarti huɗu su ɗauka, wasu huɗu su bi baya don su karɓe su in sun gaji. Da damina in gulbi ya kawo, sai a nemi Sarkin Ruwa da mutanensa su yi fito, ko da jirgi ko da manyan goruna.

Masu ɗaukar nan ba 'yan ƙodago ba ne. Dangi ne da maƙwabta da samarin unguwa, irin waɗanda a kan tara a ranar gayya. Ladansu fura da goro da godiya, da kuma sanin cewa ran da abin ya zo kansu, haka za a yi musu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle mutum.

Akwai wani abin lura a nan. Tun da daɗewa ko wane gari ya riga ya shirya yadda zai ɗauki mamatansa. Makara tana ajiye a masallaci, ta kowa ce, ba a biyan ko anini a kanta. In aka yi rasuwa ba a roƙon kowa, mutane da kansu su ke fitowa suna karɓa-karɓa har kushewa, domin malamai sun karantar cewa wannan farilla ce da ke wuyan jama'a duka, in wasu suka yi sun ɗauke wa saura, in ba wanda ya yi kowa ya yi laifi. Ɗaukar mai rai kuwa ba ta sami irin wannan tsari ba. Sai abin ya auku a ke fara shawara, a nemi wane, a jira wane. Ga shi kuma mutane da dama ba su son a fita da su kan gado, don abin ya yi kama da makara. Saboda haka a kan yi ta jinkiri har ciwo ya ci ƙarfin mai shi.

Yadda Abin Ya Faro A Wasu Ƙasashe

Dabarar tanadin masu ɗaukar majinyata tun kafin bukata ta taso, daga fagen yaƙi ta fito. Malaman tarihin Musulunci sun kawo labarin Rufaida, wata mace daga cikin mutanen Madina, wadda ta kafa tanti a masallaci tana jinyar waɗanda aka yi wa rauni. A cikin tantinta aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu sa'ad da kibiya ta same shi a Yaƙin Gwalalo, shekara ta 5 bayan Hijira.

A ƙasar Turai kuma, da can a kan bar masu rauni a kwance har a gama yaƙi, sa'an nan a zo a kwashe waɗanda suka yi saura. A shekarun 1790 wani likitan sojan Faransa mai suna Larrey ya ga yawancinsu jira ne ke kashe su. Sai ya sa aka ƙera kekunan doki marasa nauyi, masu shiga fagen fama su ɗauko mutum tun jininsa bai ƙare ba. A 1859 kuma wani ɗan kasuwa, Henri Dunant, ya iske dubban masu rauni a yashe bayan yaƙin Solferino a ƙasar Italiya. Da ya ga likitocin soja ba su isa ba, sai ya tara mutanen wani gari da ke kusa, yawancinsu mata, suka yi ta jinya. Daga nan aka kafa Ƙungiyar Red Cross a 1863. Da aka ƙago mota, sai ta gaji keken doki, ita ce Turawa ke kira ambulan, Hausawa kuma su ce motar asibiti.

Zamanin En'e

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Mafara da Bakura da Maradun suka zama gundumomi a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, ko wace da hakiminta da alƙali da malamai. A 1929 jirgin ƙasa ya iso Gusau har Ƙauran Namoda. Tun daga nan manyan motoci suka yawaita, suna kwasar gyaɗa da auduga daga kasuwannin ƙauye zuwa bakin dogo.

Daga shekarun 1930 En'e-En'e na Arewa suka shiga gina ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai, da kuɗin haraji da jangali da ke shiga baitulmali. A ko wane ɗaki a kan sa malamin asibiti ɗaya, yana wanke gyambo, yana ɗiga maganin ido, yana ba da maganin zazzaɓi da na tsutsar ciki. Amma aikin da ke bukatar wuƙar likita, kamar ƙaba da ta murɗe ko haihuwar da ta gagara, sai babban asibiti. Har aka sami mulkin kai a 1960, irin waɗannan asibitoci kaɗan ne a Lardin Sakkwato duk girmansa, mutumin Mafara kuwa sai dai ya nufi Sakkwato ko Gusau.

Nan fa al'amari ya juya. Da, mai magani ke zuwa. Yanzu majinyaci ne zai tafi, tafiyar kuwa mai nisa ce. Ga yadda a kan yi: mai gida ya gaya wa mai unguwa, mai unguwa ya kai wa dagaci, a ɗauko majinyaci a ka ko a jaki zuwa garin hakimi. In malamin asibiti ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai ya rubuta takarda, a kai majinyaci bakin hanya a jira mota. Sau da yawa motar gyaɗa ce za ta tsaya, a gyara masa wuri a kan buhuna, ɗan'uwansa ya zauna kusa yana tare masa rana da mayafi. Direbobin zamanin nan da yaransu sun ceci mutane da yawa waɗanda ba su ko san sunansu ba.

Da damina kuwa wahalar ta kan ninka. Hanyoyin ƙauye na rani ne kawai, ruwa na sauka sun mutu. Babbar hanya ma, tun ba a sa mata kwalta ba, in aka yi ruwa sai mai gadi ya gitta sanda, ba motar da za ta wuce sai ƙasa ta tsane, don kada manyan motoci su farfasa ta.

Wannan nisa shi ya jawo wa asibiti mugun suna. Da ya ke tafiyar tana da wuya da tsada, ba a kai mutum sai an fid da rai. In ya mutu a can, sai a ce asibiti ne ya kashe shi, gobe kuma wani ya ƙi zuwa sai shi ma ya kai gargara. Ta haka jinkiri ya haifi tsoro, tsoro kuma ya ƙara jinkiri.

Lokacin annoba ne a kan ga amfanin sarakuna a wannan aiki. A 1949 da 1950 sanƙarau ya kashe dubban mutane a Arewa, Lardin Sakkwato na cikin inda ya fi tsanani. Ba motocin da za su iya kwashe majinyata masu yawa haka. Sai aka juya dabara, aka kai magani wurin mutane. Dagatai su kai rahoto, talakawa su kafa rumfunan zana a bayan gari, ma'aikata su zo da ƙwayoyin magani su raba. Haka kuma aka yi da cutar agana. Daga 1967 'yan lamba suka bi gari gari, masu unguwa na tara musu jama'a, har ya zama tun daga 1970 ba a sake ganin cutar a Nijeriya ba.

Zamanin Kwalta Da Farar Mota

A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi a Nijeriya duka, En'e ta zama tarihi, aka kuma kafa Jihar Sakkwato. A shekarun nan ne aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, aka gama a 1978. Aikin ya kawo hanyoyi da motoci da baƙi, tafkin kuma ya cinye gonaki da garuruwa da tsofaffin turbobi, har wasu da ke zuwa kasuwa a ƙasa suka koma shiga jirgi. Kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, a-kori-kura da Fijo suka cika tashoshi, babura suka shiga ƙauyukan da mota ba ta taɓa zuwa ba. Ran 1 ga Oktoba 1996 aka yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato, Gusau ta zama babban birni. Mafara da Bakura da Maradun ko wace ƙaramar hukuma ce mai asibitinta.

A wannan zamani ne farar motar asibiti mai jiniya ta zama sananniya. Gwamnati ta saya, masu neman zaɓe su saya su bayar, a yi biki a yanka ƙyalle. Ta yi amfani ƙwarai wajen ɗaukar wanda ƙaramin asibiti ya kasa, a kai shi Gusau ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Amma mutumin ƙauye bai cika morarta ba. A harabar asibiti ta ke kwana, shi kuwa wahalarsa ita ce isowa asibitin. In an same ta, sau da yawa ba mai, sai dangi sun saya. Ga shi kuma an fi ganinta tana mai da gawa gida, har wasu suka ɗauke ta motar gawa ce, tsohon tsoron nan na makara ya dawo kanta.

A faɗin Arewa ba wuya mutum ya ga irin motar nan a bayan wani asibiti, an cire ƙafafunta an ɗora ta kan duwatsu, awaki na kwana ƙarƙashinta. Sau da yawa abin da ya kwantar da ita ƙanƙane ne, ko batir ko taya. Dalili kuwa, mutanen gari ba su ɗauke ta tasu ba, ba su san wanda za su tambaya in ta tsaya ba, ba wanda kuma ya taɓa neman shawararsu a kanta. Makarar masallaci in ta karye, kafin Juma'a an gyara ta.

Wasu suka tashi don su cike wannan giɓi. Ƙungiyoyin addini, irin su Jama'atu Nasril Islam da Fityanul Islam da Izala, ko wace ta kafa 'yan agajinta masu kaki, suna ba da taimakon farko a wurin wa'azi da Idi da sansanin alhazai, suna kuma taimakon majinyata a asibitoci. A 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ƙasa, ma'aikatanta na kwasar waɗanda suka yi haɗari a manyan hanyoyi. Duk da haka, mace mai naƙuda a tunga da tsakar dare, ba wanda ya ke da alhakin ɗauko ta.

Mata Masu Naƙuda Da 'Yan Tasha

Ba wanda jinkiri ya fi yi wa ɓarna kamar mace mai haihuwa. Likitoci sun tabbatar cewa in jini ya ɓalle wa mace bayan haihuwa, yana iya kashe ta cikin awa 2. Jijjiga ma ba ta jira. Doguwar naƙuda kuwa, in ba ta kashe uwa ba, sau da yawa ta kan kashe ɗa, ta bar uwa da yoyon fitsari. Wani bincike da aka yi a Nahuce ta ƙasar Bunguɗu, aka bayyana shi a 2012, ya nuna cikin ko wace haihuwa 100,000 uwaye fiye da 1,000 ke rasuwa. Watau cikin haihuwa ɗari, uwa ɗaya ba ta tashi.

A 1994 wasu malamai biyu na Amurka, Thaddeus da Maine, suka kasa jinkirin da ke kashe mata kashi uku. Na fari, jinkirin yanke shawara a gida. Na biyu, jinkirin hanya. Na uku, jinkirin samun taimako bayan an isa asibiti. Duk wanda ya san ƙauyen Hausa ya san biyun farko. Mace mai haihuwar fari kunya ta kan hana ta faɗi tana jin ciwo. Tsofaffi su ce a dakata, haka kowa ta yi. In an ga abin ya ƙi, mai gida kuwa ya tafi cin rani, ba wanda zai ba da izinin a fita da matarsa. In an sami izini, ba kuɗi a hannu sai an kai akuya kasuwa. In an je tasha, direba ya ga mutane a matse sai ya tsawwala kuɗi, ko ya ƙi sam, don gudun jini ya ɓata masa kujera, ko ta cika a motarsa ya shiga amsa tambayoyin 'yan sanda.

A shekarun 1990 wasu malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka gwada wata dabara a ƙasar Kebbi. Suka lura cewa garin da ba motar asibiti, akwai motar kasuwa, direbanta kuma ɗan gari ne. Sai suka zauna da shugabannin ƙungiyar direbobi ta ƙasa, watau 'yan yuniyan, aka koya wa direbobi yadda za su taimaki mace mai naƙuda, aka kuma ajiye ɗan kuɗin sayen mai.

Wannan dabara ce aka faɗaɗa daga baya. Daga 2008 gwamnatocin Ingila da Nowe suka ba da kuɗin wani shiri na lafiyar mata da yara, mai suna PRRINN-MNCH, a jihohin Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe. A cikinsa aka nemi direbobin tasha waɗanda suka yarda su yi aikin don Allah. Aka koya musu alamun haɗari, da yadda a ke ɗaga mace a kwantar da ita a mota, da asibitin da ya kamata a nufa. Da ya ke wayar hannu ta shigo Nijeriya tun 2001, ta kuma bazu har ƙauye, sai aka rarraba lambobinsu ga jama'a. Direba ya yi alkawari zai fito ko da wane lokaci aka kira shi, ba zai kuma tsawwala kuɗi ba. Yuniyan ita ma ta yi nata alkawari: wanda ya kai mace asibiti, in ya dawo tasha a ba shi lodi ba sai ya bi layi ba. Wannan ya fi kyautar kuɗi daraja a wurin direba, gama ya mai da masa abin da ya rasa, ya kuma ɗaga shi a idon abokan sana'arsa.

Masu shirin sun gane mota kaɗai ba ta isa ba. Saboda haka a ƙauyuka aka sami maza da mata 'yan sa kai, suna bi majalisa majalisa da gida gida suna koyar da alamun haɗari. Aka kafa asusun ko-ta-kwana, kowa na zuba ɗan abin da ya samu, wanda bukata ta kama ya ranta. Aka rubuta sunayen samarin da suka yarda su ba da jini. Aka kuma roƙi magidanta su ba da izini tun da wuri, su faɗa a gaban iyayensu cewa ko ba su nan, in abu ya taso a tafi da iyalinsu asibiti. Limamai da dagatai suka sa baki, shi ya sa maganar ta karɓu. A 2014 wani shirin ya gaji na farko, ya ƙara da Kano da Kaduna. Shi ma ya yi shekarunsa ya ƙare, kuɗin waje ya tsaya. Abin da ya rage shi ne wanda mutane suka riga suka mai da shi al'adarsu.

Shekarun 'Yan Bindiga

Ana cikin wannan sai wata fitina ta taso. Satar shanu da rikicin manoma da makiyaya suka rikiɗe suka zama harin ƙauyuka da satar mutane don kuɗin fansa. Shekarar 2021 ba za ta mantu ba a ƙasashen nan uku, gama ko wace ta ɗanɗana. Ran 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ta ƙasar Mafara. A watan Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura. Ran 1 ga Satumba kuma aka sace ɗalibai 73 daga makarantar sakandare ta Kaya. Allah ya sa 'yan matan Jangebe da ɗaliban Kaya suka komo bayan 'yan kwanaki.

Don a toshe wa ɓarayi hanya, gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da mai a jarka, ta hana hawan babur da dare. Daga ran 3 ga Satumba kuma aka katse layukan waya a jihar na makonni da yawa. An yi haka ne don neman tsaro, amma ya taɓa majinyata ta inda ba a nufa ba. Wayar da a ke kiran direba ta mutu. Man da mai babur ke saye a kwalba ya ɓace. Kasuwar da a ke sayar da akuya a sami kuɗin magani ta tashi. Ko bayan an ɗage dokokin, tsoron hanya bai gushe ba. Direba mai zuciya ma ya kan yi tunanin 'ya'yansa kafin ya shiga daji da dare, ma'aikatan lafiya da dama kuma suka bar ƙananan asibitocin ƙauye suka koma manyan garuruwa.

A irin wannan hali wasu ƙauyuka suka koma gidan jiya, a jira gari ya waye, a ɗora majinyaci a amalanke ko a babur tsakanin mutum biyu. Sanin juna ne ya rage, a san wane ne ke da babur, wane ne ya ajiye ɗan mai, wace hanya ce ta fi lafiya yau. Tsohuwar al'adar nan ta goyon ciki, wadda mace ke komawa gidan iyayenta ta haihu, ita ma ta nuna wata mafita: mace in cikinta ya tsufa, ta tafi wurin dangi a garin da ke da asibiti tun naƙuda ba ta zo ba, ta huta da tafiyar dare.

Abin Da Tarihin Ya Nuna

Hukuma ba ta bar maganar ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa wani asusu na kula da lafiyar talakawa, ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗinsa don taimakon gaggawa. A 2022 aka fara gwada wani tsari na motocin ɗaukar majinyata na ƙasa baki ɗaya a Abuja, da nufin a kai shi jihohi. Amma a watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mai ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi shi, nauyin ya sake komawa kan dangi da maƙwabta.

Ƙasashen nan uku ba baƙi ba ne a gidan mulki. Ahmad Sani na Bakura ya yi gwamnan Zamfara daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Wannan ya isa ya nuna cewa ko ɗan gari ne ke kan kujera, gwamnati ba ta iya ajiye mota a ƙofar ko wane gida. Abin da ke wuyanta, wanda ba mai iya ɗauke mata, shi ne tsaron hanya da gyaranta, da asibitin da in an isa za a tarar da ma'aikaci da magani da jini. Haƙƙin talakawa ne su yi ta tambayar wannan ta bakin sarakunansu da wakilansu. In kuma an ba gari mota, ya kamata mutanen gari su san direbanta, su san inda kuɗin mai ke fitowa, su kuma sami wakili a cikin masu lura da ita.

Saura kuwa yana hannun jama'a, ba ya bukatar takarda daga Gusau. Mai gida yana iya ba da izini yau. Unguwa tana iya buɗe asusu da abin da ya sawwaƙa bayan kaka. Ana iya zama da direban gari ko mai babur a yanke kuɗi tun ana lafiya, a rubuta lambarsa a bangon zaure, wanda ya yi yaƙi da jahilci kuwa ga inda karatunsa zai yi rana. Samari suna iya zuwa a gwada jininsu a rubuta. Mutanen da suka iya tsara ɗaukar mamaci har ba a taɓa barin gawa ta rasa masu kai ta ba, ba abin da zai hana su tsara ɗaukar mai rai kamar haka, ladan kuwa ba ƙarami ba ne.

Allah ya ba majinyata lafiya, ya sauki masu ciki lafiya, ya saka wa direbobi da 'yan agaji da alheri, ya kuma mai do da zaman lafiya a ƙasar Zamfara da Nijeriya baki ɗaya, amin.